Yadda Za Ka Gyara Injin Yankan Ciyawarka Kafin Maƙwabci Ya Ji Tausayinka

Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka. Idan ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, ba ka tsallake ko guda ba, na ba ka tabbacin ciyawar ƙofar gidanka za ta kwanta luf kamar sabuwar darduma. Hanyar nan ba ta taɓa ba ni kunya ba, ko da yake sau ɗaya na gwada ta.

Sunana Darrel Stensrud. Inshorar gidaje nake sayarwa a wani ƙaramin gari a Minnesota, kuma ina da jan akwatin kayan aiki mai hawa-hawa, wanda duk ya gan shi sai ya ɗauka na san abin da nake yi. Shaidar ƙwarewata ke nan.

Kafin mu fara, mu tuna abin da muke gudu. Ba doguwar ciyawa ba ce, ita ba ta cizo. Ka sani, na sani, a layi irin namu mutum iri uku ne maƙwabta ke yanke wa ciyawa ba tare da an roƙe su ba: matar da mijinta ya rasu, da wanda ke kwance a asibiti, da wanda matarsa ta kwashe kayanta ta bar masa kare. Ranar da ka ji injin wani yana ruri a farfajiyarka, an riga an jefa ka cikin ɗayan ukun, kuma ba a shawarce ka ba. Kowane layi yana da mai wannan aikin alherin. Namu Orrin Halvorson ne, maƙwabcina na hagu, dattijon da ya ƙare ƙarfinsa yana tuƙa motar kwashe dusar ƙanƙara, ya yi ritaya, ya sayi injin da ake hawa kamar ƙaramar tarakta. Yana gama tasa ciyawar sai ya tsaya a kan iyaka, injin na kunne, ya zuba wa tawa ido kamar likita. Aikinka shi ne ka tayar da naka injin kafin naka Orrin ɗin ya tsallako.

Mataki na 1: Ja igiya

Da zarar ƙanƙara ta narke, ciyawa ta fara leƙowa, fito da injin daga lungun gareji inda ka jingine shi tun bara. Kakkaɓe shi. Matse ƙarfen hannu, ka ja igiya.

Ba zai tashi ba. Zai yi tari sau ɗaya, irin na tsohon da aka tasa daga barci, ya koma. Sake ja. Masu raunin zuciya a nan suke tsayawa su yi tunani. Kai kada ka yi, domin inji yana gane mai shakka. Ci gaba da ja har sai ka ji wani abu ya ce ƙas a kafaɗarka ta dama. Alama ce ta cewa ka kammala matakin.

Kada ka waiwaya hagu. Yana can.

Mataki na 2: Nemo mai laifi

Gwani ba ya taɓa sifana sai ya san wanda zai zarga. Buɗe tanki ka shinshina. Idan ka ji warin tsohon fenti, fetur ɗin bara ne ya kwana a ciki duk tsawon sanyi, ya yi danƙo ya toshe kabareta. Matarka za ta ce tun lokacin da ganye ke zuba ta tuna maka ka tsiyaye shi. Tawa, Jolene, daga bakin ƙofar kicin ta faɗa, da kofi a hannunta.

"Sai da na gaya maka, Darrel."

"Ba fetur ba ne," na ce. "Wato fetur ne, amma ba barinsa da na yi ba ne. Wannan ruwan masarar da suke gauraya masa yanzu ne. A zamanin babana fetur sai ya shekara a tanki, ƙara daɗi ma yake yi."

"A zamanin babanka, babanka tsiyaye shi yake yi."

Kada ka tanka. Tsuguna ka leƙa ƙarƙashin injin kamar ka hango wani babban al'amari.

Mataki na 3: Ƙofar gareji

A nan mutane da yawa ke hallaka. Idan ka rufe ƙofar garejinka ruf ranar Asabar da safe, za a ce akwai abin da kake ɓoyewa. Idan ka ɗaga ta har sama, ka kira taro. Tsayar da ita daidai gwiwa, yadda za a ga ƙafafunka suna kai da kawo, a ji ƙarar ƙarfe, amma ba wanda zai iya shigowa sai ya yi rarrafe.

Ni na ɗaga tawa har sama, don ina son iska. Ban gama jera sifanoni ba sai ga Orrin, bayansa kuma Lon Pribyl na tsallaken titi, kowa hannu a aljihu. Suka kewaye injin kamar an zo gaisuwar rasuwa. Ba wanda zai taɓa maka inji sai ka roƙa, kai kuma ba za ka roƙa ba, kuma duk mun san haka. Shawarar ma ba a miƙa maka ita kai tsaye, sai a ba wani mutum da ba ya wurin.

"Da wani ne," in ji Orrin, yana kallon rufi, "da filogi zai fara dubawa."

"Na duba," na ce.

"To, madalla."

"Wani surukina," in ji Lon, "nasa haka ya yi masa. Sak irin wannan tarin."

"Me ya same shi?"

"Surukin ko injin?"

"Injin."

"Oho. Ya sayi sabo. Surukin kuma yana nan, sai dai ba a cika ganinsa a waje ba."

Amsarka ga kowace shawara ɗaya ce: na duba. Bayan sun tafi sai ka nemo inda filogin yake.

Mataki na 4: Kwance komai

Cire filogi. Idan bakinsa ya yi baƙi, goge shi da tsumma, ka hura masa iska, ka mayar. Ba zai canza komai ba, amma ka yi wani abu. Buɗe murfin matatar iska. Idan ka tarar da audugar kujera da ɓawon iri, ɓeraye ne suka shafe lokacin sanyi a ciki, har da iyali. Kada ka gaya wa matarka, don za ta so sanin daga wace kujera audugar ta fito.

Yanzu kishingiɗar da injin ka duba wuƙarsa. Gefe biyu ne: ɗaya daidai, ɗayan kuma zai sa baƙin mai ya gangaro ya cika matatar iska da kabareta, ya malale maka ƙasa. Ba sai ka wahalar da kanka wajen zaɓe ba, hannunka zai kai ka na biyun da kansa.

Sai kabareta. Kwance ta a hankali, ka zuba notuna da ƙananan ƙusoshi a farantin gasa kek mai rami-rami na matarka, don babu abin da ya kai shi dacewa da aikin. A cikin kabareta akwai wani ɗan sifirin da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Za ka gan shi sau ɗaya tak, lokacin da ya yi tsalle ya wuce ta gefen kunnenka. Yi masa fatan alheri. Shi ya fita daga wannan rikicin, kai ne ka rage.

Mataki na 5: Neman kayan gyara

Duk wanda za ka je wurinsa, lamba zai tambaye ka. Lambobin kuwa biyu ne: akwai ta jikin keken da injin ke zaune a kai, a kan takardar da ke manne kusa da taya, akwai kuma ta injin kansa, wadda aka buga a jikin ƙarfe. Ta injin ake so. Ita ce kuma wadda tsatsa ta cinye. Saboda haka kwafi ta keken a tafin hannunka, ka tafi shagon kayan noma da ƙarfin gwiwa.

Merle, mai shagon da ke bakin gari, ya duba tafin hannuna ya girgiza kai.

"Wannan ta tayoyi ce, Darrel. Tayoyi kake so?"

"Kabareta."

"Wane irin inji ne?"

"Ja ne."

"Duk jajaye ne, abokina, sai baƙaƙen."

Na kwatanta masa girmanta da hannu. Ya shiga ciki ya daɗe, ina jin yana ture kwalaye yana yi wa wani rantsuwa, sannan ya fito da wata a leda.

"Wannan kusan ita ce."

Riƙe kalmar nan, kusan. Duk harkar kayan gyara a kanta take tsaye. Za ka kai gida ka tarar ramukan noti sun yi daidai, sai dai bututun mai yana kallon gabas, naka kuma yamma yake so. Daga nan sai ka koma intanet, ka zaɓi wadda hotonta ya fi kama da taka, ka jira. Za ta iso cikin kwali mai girman akwatin tafiya, kuma ta injin share dusar ƙanƙara ce. Ajiye ta. Sanyi zai dawo.

Mataki na 6: Ɗauko gawa

Idan sabo ya gagara, koma ga matattu. A wannan lokacin na shekara kowane titi yana da injin da aka turo bakin hanya da kwali rataye a wuyansa, an rubuta KYAUTA. Mai shi ya riga ka bin matakan nan ne, ya gaji. Tsaya, duba gaba da baya, ka cusa shi a bayan mota. Ka yi haka a wata unguwa, ba taku ba.

Dabarar ita ce ka ciri mai kyau daga wannan ka sa wa wancan. Abin da za ka gano shi ne cuta ɗaya ce ta kashe su duka. To, sai ka ɗauko na uku.

Jolene ta leƙo gareji tana neman farantinta, ta tsaya ta ƙirga da ido.

"Darrel, haihuwa suke yi?"

"Bincike nake."

"Motata tana kwana a waje saboda bincikenka."

"Duk wani babban aiki sai an sadaukar da wani abu."

"Farantina fa?"

"Yana cikin aikin."

Mataki na 7: Ja wa maƙwabci lokaci

Duk wannan abin da kake yi, ciyawa ba ta jiran ka. Tawa ta wuce idon sawu, fulawar daji mai ruwan ɗorawa ta bazu ko'ina, zomo ya fara shiga ya ɓace. Kana bukatar dalili mai mutunci, kuma zamani ya kawo maka: ƙudan zuma. Yanzu akwai masu barin ciyawa duk watan Mayu don zuma su samu abinci. Shiga cikinsu nan take.

Na faɗa wa Orrin ta kan shinge, da fuskar mai kishin halittu.

"Da gangan na bar ta. Saboda zuma."

Ya daɗe yana kallon ciyawar.

"Ai kuwa sun gode," ya ce. "Mayu dai saura kaɗan."

Lura da kyau, domin ba farmaki zai kawo maka ba. A hankali zai ci ka. Asabar ɗin farko zai wuce iyaka da faɗin taya ɗaya, kamar kuskure. Ta gaba zai ƙara layi guda. Kafin ka farga ya kai bishiyar tuffa, ciyawarka ta koma kamar kan da wanzami ya fara aski aka kira shi gida. Idan kuka haɗa ido zai ɗaga maka yatsa ɗaya daga kan sitiyari. Kai ma ɗaga masa. Yaƙi ne, amma ba a rasa ladabi.

Mataki na 8: Kada ka bar gida ranar Asabar

Ko gobara ce, tsaya a farfajiya a gan ka. Muddin kana tsaye da sifana a hannu, ba zai tsallako gaba ɗaya ba.

Ni kafaɗa ce ta ci amanata. Tun ranar jan igiya ba na iya ɗaga hannu in tsefe gashin da ya rage mini, har Jolene ta gaji da nishina ta tusa ni a mota sai asibiti. Likita ta ce tsoka ce ta yage kaɗan, ta rataye mini hannu a wuya da majanyi, ta tambaye ni wane wasa nake yi a shekaruna. Na ce noma.

Muna shawo kwanar layinmu na ji ƙamshin. Babu ƙamshin da ya kai na sabuwar yankakkiyar ciyawa daɗi, in ba taka ba ce. An yanke ta tas, layi-layi a karkace kamar filin ƙwallo, an gyara gefen hanya, an share. Ni kuma na fito daga mota da hannu a rataye, Jolene tana riƙe mini ƙofa, a gaban duk wani labulen da ke layin.

Kafin la'asar Gwen, matar Lon, ta ƙwanƙwasa da faffaɗan kwano a nannaɗe cikin tawul: niƙaƙƙen nama a ƙasa, gasasshen dankali a sama, cuku ya narke ya rufe komai. Irin kwanon da ake kai wa gidan makoki. Ta yi ƙasa da murya.

"Jolene, yaya mai jikin?"

"Kafaɗa ce kawai, Gwen."

"Haka suke cewa da farko," in ji Gwen, ta dafa mata hannu. "Ki yi ƙarfin hali."

Ina tsaye a bayansu. Ta dube ni ta yi murmushin da ake yi wa hoto.

Ranar Lahadi fasto ya ambaci sunana a addu'ar marasa lafiya, tsakanin wata tsohuwa da ta karya ƙugu da wani da ake wanke wa ƙoda. Kwanuka suka ci gaba da zuwa.

Mataki na 9: Je ka nuna fushinka

An taɓa maka mutunci, dole ka mayar da martani. Shirya kalmomi masu zafi tun daga gida. Tsallaka iyaka ba sallama.

Na same shi yana goge taraktar tasa da tsumma. Na tsaya ƙiƙam, na ja numfashi, na faɗi mafi munin abin da ɗan Minnesota zai iya faɗa wa ɗan'uwansa.

"Orrin, ai da ba ka wahalar da kanka ba."

"Ba komai, yaro. Dama ina kai."

"Injina ya kusa tashi."

"Na sani. Ina jin ku." Ya ci gaba da goge wurin da ya riga ya goge. "Tawa ce ba ta da yawa. Da matata Arlene tana nan, ina gamawa take fito mini da ruwan lemo, ta nuna mini inda na tsallake. Yanzu in na gama sai in kashe inji in shiga ciki. Cikin kuwa, ka san dai. Agogo kawai." Ya ninke tsumman. "Taka ta fi daɗin yanka ma. Akwai gangara ta wajen tuffar nan, sai mutum ya yi tunani."

Duk kalmomin da na shirya suka watse. Na ce masa layukan sun yi kyau. Ya ce a mako mai zuwa zai karkata su ta ɗaya gefen, don kada ciyawar ta saba.

Idan naka Orrin ɗin ya yi maka haka, ka sani an ci ka da yaƙi. Koma gida ka ɗumama dankali.

Mataki na 10: Idan injin ya tashi

Zai tashi. Sai ranar da ba ka bukata.

Jolene ta ce ko farantinta ya dawo kicin ko ni in koma gareji da zama. Don haka na tattara komai na mayar: tsohuwar kabaretar da ta kwana biyu a jiƙe cikin ruwan wanki, da sifirin ɗaya daga cikin gawarwakin, da sabon fetur. Notuna suka yi saura, kamar kullum. Don in sallami kaina kawai, na ja igiyar da hannun hagu, ja na raini.

Ya ɗauka. Ya yi ruri, ya tofar da hayaƙi shuɗi, gareji ya girgiza, sannan muryarsa ta daidaita sumul kamar ranar da aka sayo shi.

A nan za ka yi saurin tunani, domin ƙara tana tsallake shinge. Lafiyayyen inji yana nufin lafiyayyen mutum. Lafiyayyen mutum shi ke tura abinsa cikin rana, sama da ƙasa a kan gangara, kuma ba mai kawo masa kwano. Can hagu kuma akwai dattijon da ya riga ya tsara yadda zai karkata layuka.

Saki ƙarfen hannu. Da ya yi tsit, zare filogin da tsumma, don yana da zafi, ka jefa a aljihu.

Na juyo, sai ga Jolene a bakin ƙofa.

"Kamar na ji ya tashi."

"Tari ya yi."

"Dogon tari kuwa." Ta dubi aljihuna, inda tsumman ya leƙo. "Don Orrin ka yi, ko don dankalin Gwen?"

"Mutum yana iya samun dalili biyu."

"To mai dalili biyu, gawarwakin nan su bar mini gareji yau. Kuma kai za ka wanke kwanukan mutane ka mayar musu, da hannunka mai lafiya."

Asabar da ta biyo baya na zauna a kan matakala ina kallo, Orrin yana hawa gangara yana sauka, hularsa a karkace. Da ya gama na nuna masa inda ya tsallake, kusa da akwatin wasiƙu. Ya ce ba tsallakewa ba ce, ya koma ya yanke. Muka shiga gareji da faranti biyu, muka zauna a kan bokitai. Yana cikin ci idonsa ya sauka a kan injina, daidai ramin da filogi ya kamata ya kasance, wayar tana reto a banza. Ya dubi ramin. Ya dube ni. Ya miƙo farantinsa.

"Akwai sauran dankalin nan?"

Sanarwa

Marubucin ba makanike ba ne, ba likita ba ne, kuma bisa ga abin da cocinsu ta sani, ba shi da cikakkiyar lafiya. Babu ruwansa da yagewar kafaɗa, ko baƙin mai a ƙasan gareji, ko wandon da ya daina rufuwa saboda cuku. Wanda ya bi matakan nan matarsa ta tona shi, shi ya jiyo. Wanda layinsu ba shi da Orrin, kada ya kuskura ya gwada, ya je ya sayi sabon inji kamar kowa. Masu son zuwa dubiya kuma ana roƙonsu su riƙa bugo waya tukuna, don mara lafiyan ya samu ya nemo majanyinsa.